Direba Mai Tabarau

Inna Furera na tsakar gida tana tankaɗe garin dawa, sai wata babbar mota ta danna hon a titin Gwarzo. Rariya ta suɓuce mata. Shekara goma sha ɗaya ke nan da motar mijinta Baƙo ta afka ƙarƙashin gada a hanyar Kabo, shi da fasinja bakwai, amma har yau in ta ji hon sai ta ga gawarwakin nan jere, an lulluɓe su da zannuwan matan ƙauye.

"Inna, garin ya zube," in ji autarta Ikilima.

"Bar shi ya zube! Na ce ban yarda ba. Ki auri direba kuma? A gidan nan?"

"Haba Inna, Mudassir fa ba shi da zaɓi. Tun da Shari'a ta zo aka hana 'yan acaɓa ɗaukar mata, ga fetur ya yi tsada, kasuwarsa ta mutu. Wata shida yana koyon bas, lasisi kawai ya rage!"

Ba ta rufe baki ba sai ga sallamar Baffa Sajo, yayan marigayi kuma waliyyin Ikilima. Bayan an gaisa, an tambayi gida da gona, ya gyara zama.

"Furera, Alhaji Maikuɗi ya ce zai ba yaron nan mota in ya kawo lasisi kafin azumi. Ina da mutum a birni, hoto biyu kawai za a ba shi, kwana uku takarda ta iso har gida. Ba gwaji, ba layi. Sai mu ɗaura aure."

"Hoto biyu," Inna Furera ta maimaita a hankali. "Haka wancan ma ya ce."

Da la'asar ta aika aka kira Mudassir. Ya durƙusa a zaure, Ikilima na rakuɓe a bayanta.

"Abin da zan faɗa ko Yaya Sajo bai sani ba," in ji ta. "Mahaifin yarinyar nan idonsa na hagu ya yi hazo. In na ajiye masa kofi ta hagu sai ya ture shi. Na san in ya je gwaji za su hana shi, ga yara, ga rumbu ba hatsi. Ni na sayar da tunkiyata na ba mai kawo lasisi. Gadar nan kuwa ta hagunsa take. Mutane suna cewa ƙaddara, ni ma na ce ƙaddara... amma takwas ne, Mudassir, kuma kullum ina ganinsu."

Ikilima ta fashe da kuka. Mudassir ya ɗago kai.

"Inna, da ƙafata zan je. Duk abin da suka ce a gwada, a gwada."

Ya je ofishin lasisi kuwa. Aka tsayar da shi gaban allo mai haruffa, ya karanta layi uku na sama, na ƙasa suka gagare shi. Shi da bai taɓa zaton idonsa na da matsala ba! Suka ce ya nemo tabarau a asibiti, ya dawo bayan sati shida.

Azumi ya kama, Alhaji Maikuɗi ya miƙa motarsa ga wani. Baffa Sajo ya shigo yana faɗa har rawaninsa na kwancewa.

"Kin gani ko? Kin tura yaro ya tona wa kansa asiri! Yanzu a tasha makaho suke kiransa. Wa zai shiga motar mai ido huɗu?"

Ikilima ta daina cin abin buɗa-baki sai an matsa mata. Wata rana ta dubi uwarta ido jawur. "Hankalinki ya kwanta, Inna? Ba mota, ba aure."

Maganar ta soki Inna Furera har zuci. Ta ce a ranta, ashe bayan miji, farin cikin 'yarta ma ita za ta binne? Sau biyu tana yafa mayafi don ta ce wa Yaya Sajo ya kira mutumin nasa, sau biyu tana kaiwa bakin zaure ƙafarta ta ƙi.

Mudassir dai bai fasa ba. 'Yan kamasho na yi masa ihun "Likita, a duba mu mana!" shi kuwa yana fili yana koyon ribas tsakanin durom biyu, tabarau a hanci. Bayan ƙaramar Sallah ya koma. Ya karanta allo har layin ƙarshe, jami'i ya zauna gefensa suka zaga gari, ya tsaya a hawa motar ba ta zame ba. Wata makarantar Islamiyya a Kabo da ke neman mai kai ɗalibai ta ce shi take so, tunda an gwada shi an gani.

Ranar da ya kawo lasisin, Inna Furera ta juya shi gaba da baya, don bokonta bai yi nisa ba. Sai ta fito ƙofar gida ta nuna wani allo can tsallaken titi.

"Me aka rubuta a ƙasan wancan?"

"Ana sayar da takin zamani, a tambayi Nata'ala," in ji shi.

"Rufe idon dama. Sake karantawa."

Ya rufe, ya karanta tsaf. Ikilima ta yi dariya da hawaye. "Inna, kin fi jami'an tsanani!"

Inna Furera ta share fuska da bakin mayafi. "Je ki ce wa Baffanki ya sa rana."

'Yan'uwana iyaye mata, mu ji tsoron Allah. Takardar da aka saya ba ta ƙara wa ido gani, kuma duk wanda ya zauna bayan direba amana ce a wuyansa. Ikilima ta yi haƙurin wata uku, ga ta yau da 'ya'ya huɗu, mijinta na dawowa gida kullum da ƙafarsa.