Saƙon da Isaiah Ya Goge

Hyginus na shirin rufe shagonsa na gyaran kwamfuta a unguwar Arawa da ke Gombe, bayan magariba, sai wata mata ta shigo rungume da tsohuwar kwamfuta. Ta ce sunanta Lois, daga unguwar Manawashi.

"Oga, maigidana Isaiah ya goge saƙonnin imel da ke ciki, kuma ya daina yi mini magana. Ina so in san dalili."

Ya so ya ce ta dawo gobe, amma ta riga ta zauna. Ya tono tsohon ma'ajin saƙonnin, ya sa manhajar bincike ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Sau uku manhajar tana tsayawa a tsakiya, yana tsaki yana sake farawa. Zufa ta jiƙa masa riga, amma gefensa da matar take sanyi ƙalau, ga wani ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, alhali rabon Gombe da ruwan sama wata biyu ke nan.

"Madam, na gaji. Wace kalma zan nema?"

"Rubuta sunana."

Ya rubuta. Saƙo ɗaya ya fito, wanda Isaiah ya aika wa dangi shekara uku da suka wuce. Sanarwar jana'iza ce, da hoton Lois a sama.

Hyginus ya sake duba hoton. Matar ta sunkuyo ta kafaɗarsa tana karantawa, bai ji numfashinta ba.

"Ashe haka ne," ta ce a hankali. "Ba wanda ya gaya mini."