Shayin Ƙarshe na Ambrose Luscombe

Da hantsi aka bugo waya daga ƙauyen Tawleigh. Mai kawo madara ya iske tsoho Ambrose Luscombe kwance a ɗakin girkinsa, rai ya yi halinsa.

Sufeto Warren Tuckett bai yi murna da jin sunan ƙauyen ba. Can aka yanke masa cibi. Ya san abin da zai tarar, kuma shi ya tarar: tarin mata a bakin shinge, kowacce da laima a hannu da littafi a jaka. 'Yan ƙungiyar karatu ke nan. Ba abin da suke karantawa sai labaran kisan kai, irin waɗanda wata tsohuwa mai saƙa ke gano mai laifi tana kurɓar shayi, ɗan sanda kuwa yana gefe yana susar ƙeya.

Shugabarsu ce ta tare shi, Uwargida Beryl Hannaford, wadda ke riƙe da ɗakin karatun ƙauyen tun kafin Tuckett ya yi haƙori.

"Warren, ɗana, ka rame. Matar taka ba ta girki ne?"

"Yau Sufeto nake, Uwargida."

"To Sufeto, mun hutar da kai. Shiga ka dubi teburin."

"Kun shiga ke nan?"

"Ta taga muka leƙa. Mun san doka, ai mun karanta."

Ambrose na kwance gefen murhu, ƙeyarsa ta bugi bakin ƙarfen. Wani ne ya ture shi, kujerar ma ta faɗi. A kan tebur akwai butar shayi, kofi biyu, faranti biyu, kwanon kirim na madara, kwalbar jam na 'ya'yan itace da ake shafa wa burodi, da adikon tebur guda mai zanen ƙudan zuma. A farantin baƙo an tsaga burodin sikon gida biyu, an shafa jam a ƙasa, an ɗora kirim a sama.

Tuckett ya daɗe yana kallonsa. Duk ɗan Devon, yankin da ƙauyen yake, ya san kirim ake fara shafawa, jam ya hau kai. Jam a ƙasa aikin mutanen yankin Cornwall ne, na ƙetaren kogi. Ambrose ya taɓa tashin surukinsa daga tebur a kan haka. Ɗan Cornwall kuwa ɗaya ne tak a Tawleigh: Denzil Trewin, mai gyaran kekuna, wanda ya zo bara.

Saje Moira Dunn ta ce, "Yallaɓai, wannan ai sa hannu ya yi ya tafi."

"Abin ya yi kyau da yawa," in ji Tuckett.

"Oga ya bugo. Ya ce a kulle Trewin kafin yamma, kada ƙauyen ya riga mu."

Ƙauyen ya riga ya fara. An fasa ƙwai a gilashin shagon Denzil, masu kekuna sun zo sun kwashe kayansu ba gyara. Shi kuwa yana zaune kan akwati, hannuwa duk baƙin mai, yana kallon ƙasa.

"Yaushe rabonka da gidan Luscombe?" in ji Tuckett.

"Na kwana biyu ban je ba."

"Wannan makullin da ke wuyanka na ina ne?"

Denzil ya dafe ƙirji. "Na shago."

"Na ɗakin karatu ne. Da shi aka kulle ni a ciki ina yaro, na san shi. Wa ya ba ka?"

Denzil ya sauke numfashi. "Ambrose ya ba ni, jiya da safe. Shi ne shugaban kwamitin ɗakin. Ya ce Uwargida Hannaford ta tsufa, ta cika wurin da littattafan gawa da guba, yara sun daina zuwa. Ya ce ni zan karɓa."

"Me ya sa ka yi ƙarya?"

"Dubi gilashina, Sufeto. Ina nan shekara guda, har yau 'wancan na ƙetare' ake ce mini."

"Ya ba ka shayi?"

"Ambrose? Ko kujera bai ba ni ba."

Tuckett bai kulle shi ba. Ya ce wa Moira ta tsaya a ƙofar shagon, shi kuma ya koma ɗakin girkin mamacin shi kaɗai.

Ya tsuguna, ya kawo idonsa daidai da tebur. Kirim ɗin kwano fari ne fat a gefen da aka fara ɗiba. Ya ɗaga kwalbar jam ya haska a taga. Can ciki, a tsakiyar jan, ga wani farin layi ya nutse, sawun wuƙar da ta riga ta bi ta kirim.

Hannun ɗan Cornwall jam yake fara nufa da wuƙa tsaf. Wannan hannun kirim ya fara taɓawa, bai sani ba. Daga baya ne mai hannun ya tuna wanda yake son ya zama. Ke nan an shafa sikon biyu: na farko kirim a ƙasa, na biyu jam a ƙasa. Ɗaya na faranti. Ɗayan fa?

Ya duba kwandon shara, babu. Ya duba bayan gida wurin kaji, babu.

Gidan Enid Chugg, aminiyar Uwargida Hannaford, yana ƙarshen layi. Tuckett ya same ta tana shanya. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, mai saurin magana.

"Beryl? Tana nan wurina tun azahar har duhu. Muna karatu."

"Wane littafi?"

"Wancan, na limamin coci da aka samu a rijiya."

"Wa ya kashe shi?"

Enid ta ci gaba da shanya. "Ba mu kai ƙarshe ba."

"Goggo Enid, ke da kike fara karanta shafin ƙarshe?"

Ta yi ja har kunne. Tuckett ya miƙa hannu kan igiyar shanya, ya taɓa wani adiko mai zanen ƙudan zuma, da sauran damshi.

"Wannan naki ne?"

"Na Beryl ne, zan mayar mata. Da yamma ta biyo ta nan, ta kawo mini sikon a naɗe a ciki. Ta ce ita ta ƙoshi, kuma zubar da abinci zunubi ne."

"Yaya aka shafa shi?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Yadda mutanen kirki ke yi mana, kirim a ƙasa." Sai ta dubi adikon, ta dubi Tuckett, ta nemi bakin rijiyar lambu ta zauna. "Wayyo ni. Warren, ce mini ta yi ta manta inda ta wuni, in taimake ta."

La'asar ta yi ɗakin karatu ya cika. Ƙungiya ta jera kujeru, ta dafa shayi, ta aika a zo da Denzil, don a littattafansu haka ake yi: a tara kowa, a nuna mai laifi da yatsa. Moira ta zaunar da shi kusa da ƙofa. Ba wanda ya matsa kusa da shi.

Uwargida Hannaford ta miƙe, ta gyara tabarau. "Abin a fili yake. Wa ke sa jam a ƙasa a wannan ƙauyen?"

"Wanda yake so a ce Denzil ne," in ji Tuckett.

Ya ajiye kwalbar jam a tebur cikin ledar shaida, ya ajiye adikon kusa da ita. Ya yi bayani a gajarce: farin layin da ke cikin jam, faranti biyu da adiko ɗaya, sikon na farko da hannu ya yi yadda ya saba, wanda mai shi ta kasa jefawa a shara.

"Kin karanta littafi ya fi dubu, Uwargida. Kin goge butar, kin goge wuƙar. Amma uwarki ta hana ki zubar da burodi, ita kika yi wa biyayya."

Tsohuwar ta dubi Enid. Enid na kuka cikin tafin hannu.

Uwargida Hannaford ta zauna a hankali, ta ɗora jakarta a cinya.

"Na je ne in roƙe shi," ta ce, muryarta ba rawa. "Na kai masa sikon da na gasa. Ya ce littattafaina shirme ne na tsofaffin da ba su da abin yi. Ya yi dariya, ya miƙo hannu ya shafa kaina kamar kare. Turewa ɗaya na yi masa."

"Sannan kika shirya teburin."

"Na tsaya ina kallonsa, sai na ji kaina yana aiki kamar ina karatu. Ka san abin da ya sa muke son labaran nan, Warren? Wanda ya mutu ba wanda ke kewarsa. Wanda aka kama ba naka ba ne. A ƙarshe kowa ya koma gida, ruwan shayi na tafasa." Ta juya ta dubi Denzil karo na farko. "Na ɗauka kai ma haka kake. Baƙo, wanda ba za a yi kewa ba."

Denzil ya kau da kai.

Tuckett ya karanta mata haƙƙinta. Ta gyara masa kalma ɗaya da ya tsallake, kuma gaskiyarta. Moira ta ciro ankwa, ya girgiza kai. Ya ba tsohuwar hannu, ta riƙe, suka fita zuwa mota, ana yayyafi.

Da ya dawo ɗaukar kayan shaida, ba wanda ya motsa. Matan nan masu gane mai laifi tun babi na uku kowacce ta sunkuyar da kai tana nazarin takalminta. Denzil ya miƙe zai tafi.

Enid ce ta tashi. Ta zuba shayi, ta ratsa ɗakin ta tsaya gabansa.

"Malam Trewin," ta ce, "ƙwan nan ni na jefa. Zan zo da bokiti da safe."

Ya dube ta, ya dubi kofin, har Tuckett ya zaci ba zai karɓa ba.

"Ki zo da sabulu," in ji Denzil. "Ya bushe."

Ya karɓi kofin, ya koma ya zauna.