Ƙugiya ta Huɗu

Surukata Iya Hasana, Allah ya kai haske kabarinta, ita ta fara gaya mini zancen alkukin nan, ina amarya a gidanmu na Birni. Ta kama hannuna ta ɗora a bangon arewa na ɗakin tsakiya, inda yaɓe ya ɗan kumburo. Ta ce da can wurin ajiye fitila ne, magina suka toshe shi da mai zama a ciki. An yi da shi ba zai fito ba, amma duk abin da aka rataya a bangon nan nasa ne. Shekara hamsin ko tsumma ban maƙala a wurin ba.

Damina biyu ke nan, Ramlatu matar jikana Abdulaziz ta haifi namiji. A matarnite, asibitin haihuwa, aka ba ta sabon sange, wato gidan sauro. Saura kwana biyu suna, Abdulaziz ya aro injin huda bango, ya sayo ƙugiyoyi huɗu masu murɗawa, da 'yan robobin da ake cusawa a rami kafin a murɗa. Wuni guda babu kuran, wato wutar lantarki. Sai dab da magariba kuran ɗin ya dawo.

Na ce, "Maigidan, bari sai gobe. Rana ta faɗi."

Ya ce, "Tsohuwa, kuran ɗin ƙanenki ne da zai jira mu? Sauro ya gama tsotse mini yaro."

"Banda bangon arewa dai."

"Na ji, amarya. Je ki, ba zan rushe miki gadonki ba."

Na tafi bayan ɗaki ina yi wa Ramlatu wankan jego. Yaron yana barci a katifa, da 'yar wuƙa a gefen kansa, yadda muke ajiye wa jariri har a yi suna. Da ita na dogara.

Muna jin injin. Ya yi ƙara, ya tsaya. Ɗaya. Biyu. Uku.

Na huɗun ba irin sauran ba ne. Ya fara da ƙarfi, sai ya zurma, kamar an soka muciya a tukunyar da babu komai.

Na ajiye ƙwarya na taho.

Igiyar sangen ce ba ta kai ko'ina ba sai can bangon arewa. Robar kuma ta yi tsawo, ya rasa abin datsewa, ya ɗauki wuƙar yaron. Na tarar da ita a bakinsa, ya ciza, yana ɗaure igiya a ƙugiya ta huɗu. Sange ya riga ya sauka a kan jariri.

Ɗakin yana warin tsohon man gyaɗa da lagwani, irin na fitilar da aka daina kunnawa tun ina yarinya.

Kuran ya ɗauke.

Injin yana ƙasa, babu mai taɓa shi, amma bai daina juyawa ba.

"Kaka," in ji Abdulaziz ta tsakanin haƙora, can ƙasa-ƙasa. Rabon da ya kira ni Kaka tun yana ɗan makaranta a lakwal. "Ba ni nake murɗawa ba."

Ƙiii. Ƙiii.

Ƙugiyar tana juya kanta tana shigewa, igiya tana naɗuwa a wuyanta. Kusurwar sangen ta miƙe. Katifa ta fara ja a ƙasa, da yaron a kai, tana nufar bango.

Sai na ji murya daga ramin, ta tsoho, babu fushi a ciki ko kaɗan.

"Na gode."

Yaron ya tsala kuka.

Na fizge wuƙar daga bakin Abdulaziz har na tsaga masa leɓe. Na sari igiya. Ba ta yanku ba. Na keta sangen, na cusa hannu, na kamo ƙafa. Wallahi ana ja ina ja. Bakina ya manta kowace sura, sai Bismillah kawai.

Aka saki.

Na faɗo tsakar gida da shi a ƙirji, cikin ruwan wankan uwarsa. Yana numfashi. Bakinsa a buɗe, fuska ta yi ja, hawaye na zuba. Amma babu sauti.

Har yau babu. An sa masa Khalid. Yana tafiya, yana ci, yana jin kira. Likita ta ce maƙogwaronsa lafiya lau. Malamai sun yi rubutu har alluna sun koɗe. Abdulaziz bai ƙara ce mini amarya ba, ba ya ma iya haɗa ido da ni.

Abin da ban gaya musu ba shi ne na washegari. Da gari ya waye na kwaɓa laka, na shiga ni kaɗai zan toshe wurin. Ƙugiyar ta shige duka, sai ɗan rami kamar na ƙwaro. Na ɗaga hannu zan liƙa.

Sai na ji kukan jariri a ciki, ya gaji, muryar ta dushe. Kwana biyar na yi ina jin kukan nan tun haihuwar Khalid, ba zan kasa gane shi ba.

Na zubar da lakar. Na wanke hannu, na jawo tabarma gindin bangon, na kai bakina ramin, na fara rarrashinsa.