Hannu Mai Yatsa Uku

"Ga sharaɗina," in ji yarinyar, tana naɗe gashinta sama don wuyanta ya fito. "Ba kai za ka shaƙe ni ba. Ni zan kama wuyan hannunka in jawo, kai kuma ka ja baya iya ƙarfinka. In na ji zafi zan ƙwanƙwasa maka sau biyu, ka saki."

Wilf Garrity ya dubi hannayensa. Kafinta ne a wani kamfanin shirya fim da ke bayan layin dogo a gabashin Landan, kuma bai taɓa tsayawa gaban na'urar ɗaukar hoto ba. Abin da ya kawo shi nan hannunsa na dama ne, wanda ya baro yatsu biyu a ramukan yaƙin Faransa. Darakta ya hango hannun a kan zarto ya ce shi ne hannun makashin da yake nema. Tauraruwar fim ɗin kuwa ta rantse kafinta ba zai taɓa mata wuya ba, sai aka aika ɗakin yankan fim aka ɗauko Dorrie Tapsell, mai dogon wuya irin nata. Fuska ba za ta fito ba, wuya da hannu kawai ake so.

"Ni ma ina da nawa," ya ce. "Kada ki kalle ni cikin ido. Hannun nan rawa yake yi."

"An gama. Bayan na mutu kuma ka saya min shayi, don ban karya ba."

Sau bakwai ya kashe ta a ranar, ba ta ƙwanƙwasa ko sau ɗaya ba. Da aka kashe fitilu wuyanta fes, shi kuwa wuyan hannunsa duk shatar farcenta. A rumfar mai shayi ta kalli shatar ta yi dariya har ta ƙware.

"Sannu, Makashina. Gawa ta ji maka ciwo."

"Ba komai, Gawata. Sha kafin ya huce."

Sunayen da suka bi su ke nan.

A kamfanin ba a yarda ma'aikata su tsaya hira ba, amma aikin da kansa ya buɗe musu hanya. Kafin a ɗauki kowace fitowa sai an ɗaga allo mai lamba a gaban na'ura, kuma sau da yawa Wilf ne ke kusa. Guntun fim ɗin da allon ya fito a ciki, aikin Dorrie ne ta yanke shi ta jefar. Sai ya riƙa ƙara ɗan rubutu da alli a kusurwar allon, ƙanana yadda darakta ba zai kula ba. Ita kuwa ta ɗaga guntun a fitila ta karanta.

"Gawata, yau kin zo ba mayafin wuya. Sanyin nan ba ɗan wasa ba ne, da gaske yake kisa."

Amsa takan zo a kan guntun fim da ya lalace, an karce shi da allura, an jefa a akwatin kayan aikinsa.

"Makashina, na bar shi a gida da gangan. Naka nake so, ya fi ɗumi."

Haka suka ci damina da sanyi. Ranar Lahadi su bi bakin kogi cikin hayaƙin gawayi suna raba kifi da soyayyen dankali a takarda ɗaya. Wata rana ya tambaye ta a ina ta koyi dabarar jan hannun nan, sai dariyarta ta ɗauke. Ta ce yayarta Bess ta auri wani soja, mutumin kirki, wanda ya dawo daga yaƙi da abin da ba a gani. Yakan farka yana faɗa da mutanen da ba su nan. Bess ta yi ta ɗaura mayafi a wuya tana cewa mura ce, har ranar da aka ɗauki gawarta.

"Tun daga nan nake tunanin yadda mace za ta riƙe hannun namiji," ta ce. "Ban zata zan ci abinci da tunanin ba."

 Wilf ya tura hannunsa na dama cikin aljihu.

Fim ɗin ya fito, ya karɓu. Mahaifin Dorrie, Mista Tapsell, mai tuƙa kwale-kwalen gawayi a kogin Thames, ba mai zuwa silima ba ne, maƙwabta suka ja shi ya je ya ga aikin 'yarsa. Babu wanda ya gaya masa komai. Yana zaune sai ga wuya ya cika bango, da 'yar tawadar Allah a ƙarƙashin kunne wadda ya sani tun ranar da aka haife ta, ga kuma hannu mai yatsa uku ya rufe shi. Mutane na tafi, tsoho ya tashi ya fita.

Ranar Lahadin da Wilf ya je neman iri, da kwat ɗin aro, hannunsa tsohon ya fara kalla kafin fuska.

"Na san ka," ya ce. "Na gan ka a wurin aikinka."

"Baba, wasa ne. Dabara ce ake yi."

"Ni ba babanka ba ne. Ka je yaƙi?"

"Na je."

"Kana barci lafiya?"

Wilf mutum ne da ƙarya ba ta zama a bakinsa. "Ba kullum ba," ya ce.

"To na binne ɗaya. Ba ni da ta biyu da zan bayar."

Aka rufe ƙofa a hankali, ko bugawa ba a yi ba.

Akwai wanda labarin ya yi wa daɗi. Cyril Mottram, mataimakin darakta, mai gashi shafe da mai da takalmi kala biyu, ya daɗe yana yi wa Dorrie tayin rage hanya a motarsa tana cewa ƙafarta lafiya lau. Da ya ji uban ya kori kafinta sai ya koma da tayin aure. Ta ce ta gode, tana da mai kashe ta.

A shekarar ne fim mai magana ya shigo, ya birkita kowa. Aka toshe bango da barguna, aka sa mai ɗaukar hoto cikin akwati kamar kaza, aka rataya abin ɗaukar murya a saman kowa. Kamfani ya ce a sake ɗaukar fitowar kisan, wannan karon da sauti, kuma Mottram aka ba aikin. Sau uku ana yi mai sauraro, wato mai kula da sauti, yana girgiza kai.

"Ba a jin komai sai numfashin kafinta," in ji Mottram. "Na'urar nan ba ta cin ƙarya. Garrity, ka matsa kaɗan da gaske, mu samu kakarin."

"Ba zan matsa ba, yallaɓai."

"Kaɗan na ce. Ka kashe Jamusawa, wuyan yarinya ne zai gagare ka?"

"Shi ya sa."

Kafin azahar an sallame shi. Ya roƙi Dorrie ta bi shi su fita, ta riƙe hannunsa ta ce aikin kogin babanta ya ja baya, albashinta ne ke riƙe da gidan, kuma Mottram ya ce zai sa safar hannu ya yi da kansa, a hankali. Wilf ya tsaya a bakin ƙofa ya ce wa Mottram, in ta ƙwanƙwasa sau biyu a saki. Mottram ya ce ya ji, ya sa aka rufe ƙofar.

Abin da ya faru a ciki daga baya ya ji shi a bakin mai fitilu. Ta ƙwanƙwasa sau biyu, ta ƙara, Mottram idonsa na kan mai sauraro wanda ke ɗaga masa babban yatsa. An samu kakarin da ake so. Sai da aka yayyafa mata ruwa kafin ta farfaɗo.

Wilf ya samu aiki a shagon wani mai yin akwatin gawa, sana'ar da ba ta taɓa ja baya a unguwar. Yana sassaƙar katako kwana biyu bayan haka sai ga Inna Peg, ƙanwar marigayiya uwar Dorrie, ta shigo da kwandon cefane, ta ajiye masa guntun fim a kan benci.

"Makashina, murya ta tafi, likita ya ce mai yiwuwa ta dawo. Na rubuta wa Baba cewa ba kai ba ne, ya ce haka Bess ta riƙa faɗa. Ranar Asabar zai kai ni wurin danginmu a arewa. Kada ka zo, ya ajiye sandar kwale-kwale a bayan ƙofa. Amma da na so in gan ka."

"Ni dai ban kawo komai ba," in ji Inna Peg. "Kuma ban ce babanta yana gida da yamma ba."

Ya je da tufafin aikinsa a jiki, garin katako har gira. Tsohon ne ya buɗe, sanda a hannu. Kafin ya ɗaga ta Dorrie ta ratso ta ƙarƙashin hannunsa, ta warware mayafin wuyanta a gaban maƙwabtan da suka leƙo. Wilf ya ga abin da ke wurin. Ta kamo hannunsa na dama ta ɗora a gefen wuyanta. Shatar yatsu huɗu ce jere, baƙi ƙirin. Ban da babban yatsa, yatsunsa biyu suka rufe biyu, biyu suka rage a fili suna kallon tsohon.

Mista Tapsell ya daɗe yana duba. Ya sauke sanda amma bai matsa daga ƙofa ba.

"Na yarda wannan ba naka ba ne," ya ce. "Na gobe fa? Mijin Bess ma bai taɓa nufin ta da sharri ba."

"Ban san gobe ba, Baba. In na ce na sani na yi ƙarya."

"To nuna min wasan nan naku. A wuyana."

Suka shiga tsakar ɗaki. Dorrie ta jera su, ta ɗora hannayen Wilf a wuyan ubanta, ta kama hannayen uban ta damƙa masa wuyan hannun saurayin, ta yi masa alamar ya ja. Tsoho ya ja. Mutum ne da ya shekara arba'in yana jan igiyar kwale-kwale, ya ja da duk abin da ke cikinsa, da fushin Bess da komai, yana so hannun ya rufe ya huta da shakka. Hannun bai rufe ba. Jijiyoyin Wilf suka tashi, gumi ya keto masa, yana ja baya kamar wanda ake tura wa hannu cikin wuta. Ko maɓallin rigar tsohon bai motsa ba.

Tsohon ne ya gaji ya saki. Ya zauna a kujera yana haki, ya ga Wilf na kuka ba sauti.

"Haka ka yi a bangon nan da na gani?"

"Haka, sau bakwai."

"Ni kuwa na zauna ina tsine maka." Ya share fuska da hularsa. "Ga sharaɗina. A gidan nan za ku zauna, ɗakina na jikin naku. Ke kuma, ranar da kika ƙwanƙwasa bangon nan sau biyu, zan shigo da sanda, ba zan tambayi kowa ba."

"Ni zan rataya maka sandar a inda hannunka zai kai," in ji Wilf.

Inna Peg ta ce tunda an gama shaƙe-shaƙe a ba ta hanya ta ɗora shayi.

An ɗaura auren a ƙaramin cocin bakin kogi, ana yayyafi, mutum bai fi cikin benci uku ba. Da limamin cocin ya tambayi amarya ko ta yarda, ta buɗe baki abin ya ƙi fita sai iska. Ta kama wuyan hannun Wilf ta ja shi zuwa ƙirjinta, wannan karon bai ja baya ba. Limamin ya ce ya ji, ya sa musu albarka, tsoho ya ce amin da ƙarfi har sau biyu.

Kamfani ya ci riba, don mutane sun yi ta layi su ji kakarin nan, ba wanda ya san na wace ce. Mottram ya zama darakta, ya sayi mota ta biyu. Dorrie ta yi asarar muryarta, abin da ya dawo ɗan raɗa ne mai kaushi wanda sai an matso ake ji, kuma ba ta sake shiga silima ba. Wilf ya rasa aikin fim, ya ƙare rayuwarsa yana auna matattu. Amma shi ne wanda ke matsowa ya ji raɗar, shekara da shekaru, kuma sandar nan ta yi ta rataye a ƙusa har tsoho ya rasu, ƙura ta rufe ta, ba a taɓa sauke ta ba. Allah ya jiƙan Bess, ya ba masu irin wannan zama lafiya.