Takabar Matar Oduro

"Ba za ka je ba," in ji Kawu Bediako.

"Zan je, Kawu."

"A matsayin wa?"

Oduro ya ci gaba da goge baƙin mai daga hannunsa, alhali hannun ya riga ya fita tas. Tsohon da sandarsa ya tako har garejin da ke unguwar Suwame a Kumasi cikin tsakar rana, don wannan maganar kaɗai. Yayan mahaifiyar Boatemaa ne, kuma a danginsu in ya yi magana an gama.

"Tambayarka nake. Mijinta ya rasu, ran Asabar za a binne shi a Kumawu. Kai wane ne?"

"Kawu, kai ma ka san ni ne mijinta."

"Ni dai na san wani da ya zo gidana shekara uku ke nan, muka mayar masa da barasar aurensa ya karɓa, ya barbaɗa farar ƙasa a kan zanen da ta bari gaban shaidu, alamar ya sake ta. Ko ba kai ba ne?"

"Ai wasa ne... don takarda aka yi."

"Tun ranar na gaya maka ban iya sakin wasa ba. Na zuba wa kakanni tasu barasar a ƙasa, na sanar da su. Su ba su yi makaranta ba, ina suka san wata takarda?"

Oduro ya ninke tsumman ya ajiye a kan inji.

Maganar ba ta da tsawo. Shekara biyar da suka wuce Boatemaa ta tafi Hamburg a Jamus da bizar wata uku, ta maƙale. Shekara biyu tana wanke ban-ɗakunan otal da sunan wata, in ta hango ɗan sanda sai ta canza hanya. Kullum ta kira waya kuka take yi. Sai aka haɗa ta da Amankwa, wani mutumin Kumawu da ya tsufa a can, yana da fasfon ƙasar, bai taɓa aure ba. Auren takarda: a biya shi Yuro dubu shida, ɗaki daban-daban, shekara uku. In takardar zama ta fito a rabu, ta dawo su mayar da aurensu, ta ɗauke Oduro da 'yarsu Pokuaa.

Kada a ɗora wa kowa laifi, Oduro ne ya fara cewa a yi. Shi ya sayar da filinsa na Ejisu da tasinsa ya biya kuɗin. Ranar barbaɗa farar ƙasar ma dariya yake yi, har yana tsokanar ƙannenta cewa yau ya zama gwauro, su kiyaye shi. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa, shi ne kawai ya ɗauka tasa daban ce.

Sharaɗin Amankwa ɗaya ne: kada tsohuwarsa ta san da kuɗi a ciki. Shekara talatin tana roƙonsa ya kawo mata suruka. Don haka aka yi komai sosai, danginsa suka zo gidan Kawu da kaya, aka ci aka sha, aka ɗauki hotuna.

Saura wata huɗu a cika alkawari, ciwon ƙoda ya kashe shi.

Tun da aka kira Oduro aka gaya masa, yake jiran ya ji wani abu. Ko murna, ko tsoro, ko tausayi. Babu. Yana cin abinci, yana kwance inji yana ɗaurawa, shi ke nan.

"In ka matsa sai ka je," in ji Kawu yana miƙewa, "ka je kamar kowa. Ka gaisa, ka zauna, ka tashi. Lauyanta ya ce in aka gane auren na kuɗi ne, zamanta a Jamus ya ƙare. Rabin waɗanda za su zo daga can suke, kowa da waya a hannu. Ka ji ni?"

"Na ji, Kawu."

Ran Asabar ya ɗaura baƙin zanensa na makoki ya hau motar Kumawu. Pokuaa tun ran Alhamis kakarta ta tafi da ita.

An kafa rumfuna ja da baƙi a filin makaranta, kiɗa na tashi, ga hoton mamacin ƙato a bakin hanya. Oduro ya tsaya ya dube shi. Sau ɗaya suka taɓa magana a waya, mutumin ya ce masa, "Ɗan'uwa, amanarka tana hannuna." Ashe mai faffaɗan goshi ne, da wushirya.

Ya iso daidai ana fitowa da akwatin. A gaba aka sa Boatemaa, ba takalmi, da 'yar tukunyar ƙasa a ka. Ta rame, ta yi haske. A mararraba ta saki tukunyar ta fashe, kamar yadda ake sa kowace mai takaba ta yi, sannan ta juya aka riƙe ta.

Oduro ya san kukan matarsa iri biyu ne. Akwai na zuwa makokin mutane, wanda take ɗora hannu a ka tana kiran sunan mamaci, in sun dawo gida ta tambaye shi ko ta yi ƙoƙari. Akwai kuma wanda ya gani sau ɗaya, ranar da ɗansu na fari ya koma: ba murya, sai ta cije babban yatsanta, kafaɗarta na rawa.

Yau yatsan ne a bakinta.

Da rana aka zauna karɓar gaisuwa. Ya shiga layi, ya fara daga dama, hannu bayan hannu, har ya iso gabanta. Shekara biyar rabonsa da ya taɓa ta. Hannun ya yi kaushi.

"Sannu da haƙuri," ya ce.

"Sannu da hanya... Baban Pokuaa." A can ƙasan maƙoshi ta faɗa.

Tsohuwar da ke gefenta, uwar mamacin, wadda idonta ya yi fari da yana, ta laluba ta kamo zanenta. "'Yata, wane ne?"

Boatemaa ta juya wajenta. "Ɗan garinmu ne, Mama. Bakanike ne a Suwame."

"Allah ya saka, ɗana. Ka ga wannan yarinya? Ita ta riƙe min Amankwa. Ita ta wanke shi, ita ta rufe masa ido. Da ba don ita ba da Turawa sun ƙone min shi sun aiko min toka. In ka tashi aure ka nemi irinta."

"To, Mama."

Na bayansa ya ɗan ture shi, ya matsa gaba.

An ba shi kujera da ruwan leda da dafa-duka a roba. Ya ci rabi. Bai san ko da gishiri ko babu ba. Can sai mahaifiyar Boatemaa ta wuce ta gabansa, ba ta dube shi ba, ta ce, "Zagaya bayan gidan mamacin, wajen shanyar 'ya'yan koko."

Ya sami Boatemaa tsaye tsakanin tabarmin koko. Bai san lokacin da ya miƙa hannu ba. Ta ja da baya.

"Kada ka taɓa ni, ina cikin takaba."

"Ba kowa a nan, Boatemaa."

"Na sani."

Ƙudaje na bin kokon.

"Kin rame, abar ƙaunata."

"Kai ma. Har furfura ka yi."

"Ta jiranki ce." Ya so ya yi dariya, ba ta fito ba. "To an gama ko? Kwana arba'in ki fito. In takardar ta zo ta zo, in ba ta zo ba ki dawo gida. Na gaji. Ko garin rogo za mu sha, mu sha tare."

"Shekara zan yi."

"Shekara? Wa yake yin shekara yanzu? Lauyan ne ya ce?"

"Ba lauya ba ne."

"Tsohuwar ce?"

"Ba wanda ya sa ni."

Ya dube ta. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta.

"Wata goma sha ɗaya yana kwance, Oduro. Sau uku a mako nake kai shi wankin ƙoda. Ba shi da kowa. Ni nake ɗaga shi, ni nake kwantar da shi. Da dare in ciwon ya tashi, sunana yake kira..."

"Ba ki taɓa gaya min ba."

"Na ce maka ba shi da lafiya. Ka ce in lallaɓa shi kada ya mutu kafin takarda ta fito."

Haka ya ce kuwa. Da wasa ya faɗa, kamar yadda ya saba faɗin komai.

"Ya taɓa...?"

"Ko sau ɗaya. Ko ƙofar ɗakina bai taɓa buɗewa ba."

"To me ke nan? Kina son sa?"

Ta ɗago kai ta dube shi.

"Ban san sunan abin ba. Kai nake so, tun ina sayar da lemo a kasuwar Kejetia kai nake so. Amma in na ce maka wanda aka binne yau ba mijina ba ne, na yi ƙarya. Na kuma gaji da ƙarya, Baban Pokuaa. Shekara biyar ba abin da nake ci sai ita."

"In shekarar ta cika fa?"

"Ban sani ba. Mamansa ta ce in bar mata Pokuaa ta riƙa ɗebe mata kewa in an yi hutu, na ce to. Ban san komai ba yanzu."

Ta kwance wani ƙulli a ƙugunta, ta fito da ambulan mai kauri, ta miƙa masa da hannu biyu.

"Mene ne?"

"Kuɗinka. Tun da ya kwanta ya haɗa su. Ya ce in ba ka hannu da hannu, in ce maka ya gode da aro. Ya ce ba zai je gaban Allah da kuɗin aure a aljihu ba."

Oduro ya karɓa, don an miƙo masa. Ya juya ambulan ɗin. An rubuta sunansa a baya da rubutu mai rawa.

A nan ya gane abin da aka yi masa. Duk shekarun nan, in abokai suka tsokane shi a gareji, amsarsa ɗaya ce: ni na biya. Muddin kuɗin na hannun Amankwa, haya ce. Yanzu ga su sun dawo, ko sisi ba ta yi ciwon kai ba. Mamacin ya tashi da mata, shi ya tashi da ambulan.

"Ba zan karɓa ba."

"Ka riga ka karɓa. Ka sake sayen fili, don Allah." Aka kira ta daga cikin gida. Ta gyara ɗankwalinta. "Ka yafe min... ko kada ka yafe, duk wanda ka iya."

Ta tafi ba ta waiwayo ba.

Ya koma filin. A tsakiya akwai teburin gudummawa, mutum biyu na rubutu, ga mai shela da lasifika yana zuba wa masu bayarwa kirari. Oduro ya tsaya a layi. Tunaninsa ɗaya ne, kuma shi kansa ya san tunanin wauta ne: sai mutumin nan ya karɓi kuɗinsa, ko yana so ko ba ya so.

Ya ajiye ambulan ɗin a kan tebur. Mai rubutu ya buɗe, ya leƙa, ya sake leƙawa, ya taɓo na kusa da shi.

"Ranka ya daɗe, duka?"

"Duka."

"Suna?"

"Oduro."

"Daga Jamus?"

"Daga Suwame."

Mutumin ya dubi silifas ɗinsa, ya rubuta. "To, saboda wa ka bayar? Ka san sai an faɗa. Cikin masu makoki wa ka zo wa, uwar mamaci ko ƙannensa?"

Oduro ya ɗaga kai. Ta dawo kujerarta, tsohuwar ta kwantar da kai a kafaɗarta, Pokuaa na zaune a ƙasa ta jingina da ƙafafunsu su biyu. Kawu Bediako na can gefe ya dogara da sandarsa, ya zuba masa ido. Wayoyi a sama ta ko'ina.

Kalma ɗaya zai faɗa a nan komai ya rushe, ta dawo gida dole. Ya ji kalmar a bakinsa, har ya buɗe baki.

"Ranka ya daɗe, ana jira."

"Saboda matarsa," in ji Oduro.

Mai shela ya karɓi takardar, ya ƙwala sanarwa har sau biyu. Fili ya ɗauki tafi, makaɗa suka ƙara wuta, tsohuwar ta ɗaga hannuwa sama tana sa albarka. Bisa al'ada sai wanda aka yi dominsa ya zo ya yi godiya. Mata biyu suka rako Boatemaa har gabansa. Ta ɗora bayan hannunta na dama a tafin na hagu, ta rusuna.

"Ni da mijina mun gode," ta ce, hawaye na ɗiga a ƙasa.

"Ba komai," ya ce. "Allah ya ba ki haƙuri."

Mai rubutu ya yago rasit ya miƙa masa. Oduro ya ninke shi biyu, ya tambayi wani da ke kusa da shi ko ƙarfe nawa motar Kumasi ta ƙarshe take tashi.