Ƙugiyar Da Ba Tawa Ba

“Karanta da kanki!” Yaya ya cilla mata takardar a kan tsohuwar kwamfutar Abba. “Ga amsar mai gyaran tarkacen naki.”

Ƙanwarsa Auta ta ɗauka.

Wata bakwai ita da mai gyara suna ƙera wa tsofaffin kwamfutocin gida sababbin haruffa, har da masu ƙugiya waɗanda na'urorin ba su zo da su ba. Ita ke zanawa ɗigo-ɗigo, shi yana gwadawa a shagonsa, kuma sun yi alkawarin kyauta za su saki aikin. A nan soyayya ta shiga. Shekaranjiya ta aika masa tambaya guda: zai zo ya ga Abba?

Amsar kalma ɗaya ce da manyan baƙaƙe, daga firintarsa: NAƘI.

Hawaye ya zubo mata. Tana son mutumin nan kamar ranta.

“Kin gani ko?” in ji Yaya. “Mai kamfani ne ya karɓo, ya ce tausayinki yake ji. Ki sayar masa da haruffan, ki saurare shi. Mutum da motarsa da ofishinsa...”

Mai kamfanin kwamfutar nan ya daɗe yana zarya gidansu, yana son aikin, yana son mai aikin.

Ta share hawaye, ta kai takardar bakin taga. Ta ƙura mata ido. Sai ta fashe da dariya.

“Lafiyarki kuwa?”

“Yaya, wa ya zana wannan Ƙ ɗin?”

“Na'ura mana!”

“Wace na'urar? Ƙaramin ƙ kawai na gama. Babban ko farawa ban yi ba! Duba, sauran duk ɗigo-ɗigo ne, ƙugiyar nan kuwa da biro aka ƙara ta. NAKI ya rubuta. Nawa ne, Yaya... nawa!”

Yaya ya kawar da kai. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne.

“Ko ma mene ne, ba za ki auri mai kwance shara ba.”

“Sharar nan a kanta Abba ya koya mini rubutu. Ka gaya wa mai kamfani ba na sayarwa ba ne, ni da haruffan duka!”

Ta zari mayafinta ta fice.

Ta same shi a shago cikin wayoyi da ƙaurin dalma, ya tasa wani allo a gaba. Yana ganinta ya miƙe.

“Autata! Kwana biyu shiru, na ɗauka kin fasa...”

Ta miƙa masa takardar. Ya duba, fuskarsa ta canza.

“Wallahi ban...”

“Na sani, masoyi, aikin mai kamfani ne. Amma kai ma da laifinka. Wa ke ba kura ajiyar nama?”

“Cewa ya yi gidanku za shi.”

“Yau za mu saki haruffan, kowa ya ɗauka. Gobe ka zo wurin Abba da ƙafarka, ba da takarda ba.”

“Idan Yaya ya tare ƙofa fa?”

“Ni zan buɗe.”

Ya ce a hankali, “To ke ba ki ba ni taki amsar ba.”

Auta ta ja kujera, ta danna baƙaƙe huɗu, suka fito kore shar a kan allon: TAKA.

“Su zo da bironsu,” ta ce. “Duk inda suka maƙala ƙugiya, ba za ta zama ƙi ba.”