Fasinjar Mainasara

Da la'asar ma'aikacin kamfanin inshora ya zo gidan Badaru a unguwar Hajj Yusuf, don ya kimanta tsohuwar Marsandin da Badaru ya gada daga mahaifinsa Mainasara. Ya ƙwanƙwasa jikinta, ya ɗaga kujerar baya, ya ce irinta ta yi wuya yanzu, kuma a kan wannan darajar za a yi mata inshora.

Ana kiran magariba, dutse ya faɗo a kan kwanon rufin gidan. Wani ya biyo. Aka leƙa lungu, babu kowa. Can sai hon ɗin motar ya yi kuka shi kaɗai, a hankali, kamar nishi.

Kullum magariba haka, har barci ya ƙaurace wa gidan. Rannan Hajara matar Badaru ta iske 'yarsu Sakinatu zaune a kujerar baya, ido a kafe, ta ƙi fitowa.

"Baban Sakina, ni na gaji," ta ce. "Je ka Omdurman ka ɗauko Malam Jibrin."

Malam ya zo, ya tsuguna a bakin ƙofar motar, ya daɗe yana karatu. Da yarinyar ta buɗe baki, muryar tsohuwa ce ta fito.

"Ni fasinjar Mainasara ce. A bakin ruwa ya ɗauko ni, a Jazira, ranar da ya bar aikin auduga. Bai taɓa damuna ba, ni ma ban bari ƙarfen nan ya ruɓe ba. Yanzu ɗansa ya kawo baƙo ya ɗaga shimfiɗata, ya yi wa ɗakina farashi. In motar ta ƙone a biya shi. Ni fa?"

"Baiwar Allah, yarinyar ba ta yi miki komai ba."

"Na sani. Na tsufa, malam, jifan ma wuya yake ba ni. A mai da ni gida, in saki 'yarsu."

Malam ya dubi Badaru. Badaru ya sunkuyar da kai, ya ce to. Nan take Sakinatu ta sulale, barci ya kwashe ta.

Washegari ya tuƙa motar zuwa Jazira, bai ko waiwaya baya ba. A bakin ruwa ƙofar baya ta buɗe da kanta, ta rufe. Ya murza makulli, shiru. Ya sake, shiru. Sai ya tura motar gindin wata bishiya, ya nemi bas.

A gida ya tarar da Sakinatu tana cin abinci.

"Ina motar?" Hajara ta tambaya.

Ya cire takalmi, ya zauna. "Tana wurin mai ita."